Karan Gonarmu da Shanun Baffa

Yaya ne ya kira ni da labarin. A can gida hantsi ne, a nan Kuala Lumpur kuwa la'asar ta yi, ina zaune a shagon mamak da ke ƙasan benenmu a Setapak, inda Indiyawa ke sayar da shayi da gurasa, ina jiran ruwan sama ya tsagaita.

"Auta, sai haƙuri," in ji shi. "Baffa ya riga mu. Da sahen nan aka kai shi."

Na yi salati, na tambayi ciwon, ya ce babu wani ciwo sai tsufa. Har zai kashe waya sai ya ƙara da cewa, "Akwai batun kara kuma, amma ba yau ba." Na san abin da yake nufi. Girbi ya ƙare, karan gero na tsaye a gonarmu, masu amalanke kuma suna ta zarya suna neman na saye. Tun da na yi wayo ba a taɓa kwashe karan gonar nan kaf ba, saboda shanun Baffa ake bar wa. Yanzu ga Baffa ya tafi.

Washegari maiɗakina ta shimfiɗa tabarmi a falo, ɗalibai 'yan'uwanmu suka yi ta shigowa gaisuwa. Mu mutanen Nijar ba mu da yawa a garin nan, don haka kusan duk masu zuwan 'yan Najeriya ne. Wani Bakano da muke sallar Juma'a tare ya zo da shinkafa a leda daga Danau Kota, ya ajiye ya ce, "Na yo muku tapau, dafaffe na saya aka ƙunso, kada madam ta sha wahalar girki. Wan baba ne ko ƙaninsa?"

Na ce ba ɗaya daga ciki. Bafillace ne makiyayi, da ke sauka a gonar mahaifinmu kowace shekara bayan girbi.

"Au, to, ba dai ɗan'uwa na jini ba ke nan," ya ce. Ya ɗan gyara zama, na ga kamar ya rage wa ta'aziyyar nauyi.

Maƙwabcina Bazamfare, wanda ke hawa na sama da mu, shi ma ya zo. Ya yi addu'a, ya shafa, ya zauna yana kallon tabarma. Na san 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu, na kuma san abin da kalmar makiyayi ke tayar masa. Da zai tafi na raka shi bakin lifta, sai ya ce, "Mu ma da muna da irinsa. Har sunan kakana ya sa wa ɗansa. Ban san inda suke ba yanzu." Ya shiga, ƙofa ta rufe.

'Yata ƙarama, wadda a nan aka haife ta, ta tambaye ni da Turancinta mai gauraye da Malayanci ko wane ne ya mutu. Na ce kakanta ne. Ta ce ai kakanninta biyu maza ta ƙirga su, duk sun rasu tun tuni. Na rasa yadda zan yi mata bayani a tsaye, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Garinmu yana arewacin Maraɗi, daidai inda gonaki ke fara sirancewa daji ya karɓa. Da damina Baffa yakan yi arewa da garkensa, jajayen shanu masu dogayen ƙaho. In aka gama girbi aka saki gonaki, sai ya gangaro. Kullum shi kaɗai yake fara isowa, a ƙafa, sanda a kafaɗa, hannaye a rataye a kanta. Ba ya shiga gari. Gindin gawon da ke gonarmu yake zama har sai wani ya gan shi ya kai wa Baba labari.

Baba kuwa sai ya ɓata lokaci da gangan, ya sake riga, ya nemi hula, sannan ya fita.

"Ɗan daji, ba ka mutu ba?"

"Kaɗo, in na mutu wa zai gyara maka gonar nan da ka kashe?"

Haka suke gaisawa. Kakanninsu ma, an ce, haka suka yi. Daga nan sai su tashi su zaga gonar tare, mu yara muna biye. Baba yana nuna masa wuraren da gero ya tsumbure a daminar da ta wuce, Baffa yana kafa tsinke. A waɗannan wuraren zai riƙa kwantar da shanu, in wuri ya ƙoshi da taki ya matsa da ruga gaba. Shanu su ci kara, gona ta ci taki, Inna ta aika da hatsi, matar Baffa, wadda muke kira Goggo, ta aiko da kindirmo da man shanu. Ban taɓa ganin an auna wani abu a tsakaninsu ba. Da damina in ka hau tudu ka dubi gonarmu, za ka ga makwantar shanun a fili, geron wurin ya yi baƙi ƙirin ya fi na gefe tsayi.

Baffa dogo ne siriri, ga kunya kamar sabuwar amarya. Duk tsawon zamanmu ban ga abinci ya shiga bakinsa ba. In Inna ta aike ni da tuwo sai ya ce, "Yanzun nan na ci," ko da kuwa tun safe muna tare. Sai na ajiye na tafi, in na dawo in tarar da kwano a wanke. Shayi ne kawai ba ya jin kunyarsa. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, har Inna takan ce ita dai a wurin Baffa ta zama namiji ba tare da an shawarce ta ba. In ka tambaye shi yawan shanunsa sai ya dubi sama ya ce, "Suna nan dai." Baba ya sha tsokanarsa cewa tsoron haraji ne, shi kuma ya ce bakin Kaɗo yake tsoro.

Ni Maraƙi yake kirana, kuma yana da hujja. Bayan an haife ni Inna ta kwanta ciwo mai tsanani, nononta ya ɗauke. A lokacin bazara ta kusa, rijiyar garinmu ta fara ja baya, Baffa ya riga ya ɗaure kaya zai tashi. Da ya ji labari sai ya ware saniya mai sabon ɗa, ya jawo ta har ƙofar gidanmu, wanda kuma shi ne shigarsa gari ta farko da mutane suka sani. Ya ɗaure ta, ya nuna wa kakarmu yadda ake shafa ta kafin ta yarda a tatsa, ya juya. Bai dawo ɗaukarta ba sai kaka ta zagayo. Don haka duk lokacin da na yi masa rashin ji sai ya ce, "Ba laifinka ba ne, uwarka ma haka yake, ga harbi." Ina ƙaunar mutumin nan tun kafin in san sunan abin.

Yana da wata magana da ba ta barin bakinsa. In damina ta makara, ko tabkin da ke yamma da gari ya ƙafe tun kafin sanyi ya shiga, sai ya ce, "Bana ce kawai. Baɗi zai gyaru." Ya faɗe ta ina ɗan firamare, ya faɗe ta na shiga sakandare, ya faɗe ta na yi aure. Duban samansa ma ba ya ci. Zai tsaya ya shaƙi iska ya ce gobe akwai ruwa, sai a yi mako ana rana. Baba yakan ce in Baffa ya ce ruwa, to a shanya hatsi.

Abin bai gyaru ba. Ruwa ya koma zuwa a makare, in ya zo kuma ya zuba gaba ɗaya ya kwashe shuka, sannan ya ɗauke gero yana tsakiyar bunni, bai kai ga yin ƙwaya ba. Da gona ta daina ciyar da gida sai kowa ya faɗaɗa tasa. Burtalin da shanu ke bi, wanda a yarintata garke biyu ke wucewa a jere, ya yi ta tsukewa. Ba zan ɗora wa maƙwabta su kaɗai ba, Baba ma kowace shekara sai garmarsa ta ɗan ci kunyar noma ɗaya daga ciki. Baffa yana gani, bai taɓa cewa uffan ba, sai dai ya riƙa jera shanun ɗaya bayan ɗaya in za su wuce.

Faɗansu ya zo ne a wata shekara da ciyawar arewa ta ƙare da wuri, mu kuma shukarmu ta makara. Baffa ya gangaro gero bai gama nuna ba, wake yana fure. Ya tsaya da garke a bayan tudu yana jira, babu abin ci sai ƙarangiya. Wata safiya shanun suka ɓalle wa 'ya'yansa suka faɗa gonarmu. Kafin a fitar da su sun share gefen wake tas.

Ina wurin lokacin da Baba ya iso. Bai yi ihu ba, da ma ya yi ihun ya fi sauƙi. Ya dubi ɓarnar, ya dubi Baffa, ya ce, "Wanda bai da gari ina zai san zahin gona? Ku dai ku ci ku wuce."

Baffa ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya riƙe ta a ƙasa. Ya ce, "Haka ne." Bai ƙara ba.

Da yamma sai ga karsana a ɗaure a ƙofar gidanmu. Baba ya sa aka mayar. Da safe ta dawo. Haka baiwar Allahn nan ta yi ta kai da kawowa tsakanin gari da tudu har ta gane hanya, mutanen gari suna dariya a ɓoye. Daga ƙarshe Baffa ya bar ta a gidan mai gari, ya tashi da garkensa ya yi kudu. Kaka ta zagayo bai zo ba, ta sake zagayowa bai zo ba.

A shekarun nan ne kara ya yi daraja. Masu kiwon tumaki a birni suka fara aiko da amalanke, kowa yana gama girbi sai ya sare karansa ya ɗaure, ya ɗora a kan bishiya ko ya sayar. Gonaki suka koma fili fetal. Baba kaɗai ya bar nasa a tsaye. Yaya ya yi magana har ya gaji, Inna ta yi, Baba ya ce shi bai ga abin sara ba. Baƙin garkuna suka riƙa cinyewa suna wucewa. Ashe labari ya kai wa Baffa a wata kasuwar dabbobi, cewa akwai wani tsoho a gari kaza da ya taɓu, yana barin kara a banza. A kaka ta gaba aka ga mutum a gindin gawo.

Wannan karon Baba bai tsaya neman hula ba. Na bi shi a guje. Suka tsaya suna kallon juna, sai Baffa ya ce, "Kaɗo, gonarka ya rame."

"Shanunka ma ba su yi ƙiba ba," in ji Baba.

Shi ke nan. Ba wanda ya ba wani haƙuri, suka kama zagayen gona. Karsanar nan kuwa a gidan mai gari ta tsufa, don babu wanda ya yarda tasa ce.

Sai shekarar babban fari ta zo. A nan ne na ga taurin kan Baffa, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Tun farkon rani aka yi ta ba shi shawara ya sayar da rabi ya sayi dusa ya ceci rabi. Babban ɗansa, wanda sa'ana ne kuma abokin wasana, har kuka ya yi masa. Baffa ya ce wannan saniya kakarta ta kakansa ce, waccan uwarta ce ta shayar da wane, wacce zai sayar? Bana ce kawai. Da bazara ta yi nisa shanun suka kai ga in sun kwanta ba sa iya tashi. Kowace safiya sai mu fita, mu da su, a zura itace a ƙarƙashin cikin saniya, wasu su kama wutsiya, a ɗaga ta a tsayar. Baffa yana gabanta yana kiran sunanta a hankali da Fillanci, yana shafa mata wuya. Wadda ta tsaya ta ga wata rana. Wadda ƙafafunta suka ƙi sai a kira mahauci, ya ba da abin da ya ga dama. Baba da kansa yake kama itace, yana haki yana cewa, "Ɗan daji, ka kashe mu da kai da shanunka."

Da ruwa ya sauka abin da ya rage bai kai a kira shi garke ba. 'Ya'yansa maza suka watse, wani ya tsallaka iyaka aikin gadi, wani ya kama sayar da shayi a tasha. Babban ne kawai ya tsaya. Ban sake jin Baffa ya ce baɗi zai gyaru ba, kuma sai na tarar ina kewar maganar.

Ranar da Baba ya rasu damina ce, Baffa yana can arewa. Ya bar shanu ya taho a ƙafa, ya iso bayan an share makoki. Ya gaishe da Inna daga bakin zaure, ya wuce gona ya zauna a cikin gero har rana ta faɗi. Bayan haka gona ta koma hannun Yaya. Ba zan zalunci Yaya ba. Iyalinsa da yawa, hatsin gonar ba ya kai su ga wata kaka, kuma shi ma yana da tumaki. Ya riƙa kwashe rabin kara yana barin rabi, yana gunaguni. Baffa ya ci gaba da zuwa da 'yan shanunsa, sai dai babu wanda zai kira Kaɗo. Yaya "ɗan mai gona" Baffa yake ce masa, da ladabi, kamar baƙo.

Maganarmu ta ƙarshe a waya ce, bara, yana gonarmu. Yaya ya kira ni da bidiyo ya miƙa masa. Ya riƙe wayar nesa da fuska kamar za ta cije shi. A lokacin ana tafka ruwa a nan, irin na kowace la'asar, sai na fita baranda na juya masa kyamara. Ya daɗe yana kallon yadda ruwa ke gudu a kwalta yana faɗawa lambatu.

"Maraƙi, ina shanun garin?"

Na ce babu shanu a nan, Baffa, sai motoci.

"To wa ke shan wannan?"

Na ce ba kowa, teku yake tafiya.

Ya girgiza kai. "Ashe can ya koma. To ka gaishe shi. Ka ce muna nan inda ya bar mu."

Bayan sadakar bakwai Yaya ya dawo da batun kara. Ya ce, "Auta, don tsohon nan nike bari, kai ma ka sani. Yanzu wa za a bar ma? Kai kana can kana shan ruwan sama, mu muna nan." Na ce karan rabon gadona da ke gefen gawo a bar shi tsaye, ko da sauran za a kwashe. Muka ɗaga wa juna murya, abin da ba mu saba ba. Ya ce in kira babban ɗan Baffa in ji ko ma zai zo.

Na kira shi. Muka yi gaisuwar rashi, muka tuna yadda yake kayar da ni a kokawa a kan yashin tabki. Ya ce an raba abin da ya rage, nasa rabon bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Ya ce tun rani ya samu wuri a bayan wani gari kusa da kwalta, yanzu ya ɗaure su a turke a can, Goggo ma tana wurinsa. Na ce to yaushe za su taso, kara na jiransu.

Sai ya ce, "Ba hanya, ɗan'uwa. Bara da ƙyar muka wuce, sau biyu ana tare mu. Don tsoho na yi ta yi." Sai na ji ya sassauta murya. "Da ma ina so in tambaye ka. Nawa ake sayar da dami a wajenku bana? In da rangwame in aiko da amalanke."

Na ce, "Tun yaushe muka fara sayar muku da kara?"

"Tun da muka daina kwana a gonarku," in ji shi. "Saniyar da ba ta ba ka taki ba, da wane ido za ta ci naka kyauta?"

Na yi ta lallashi, ya yi ta kaucewa da irin kunyar ubansa. Na kira Yaya na faɗa masa yadda muka yi, kalma da kalma. Ya ce, "To," ya kashe.

Kwanaki suka wuce ban ji daga gare shi ba. Ranar wata Asabar ina kan hanyar kai 'yata makarantar allo a Sentul sai ga kiransa.

"Na kai musu," ya ce.

"Gefena?"

"Duka. Naka da nawa. Na ɗauki amalanken maƙwabta, sawu-sawu muka yi ta yi." Ya ce ɗan Baffa ya biyo shi da kuɗi har bakin kwalta, shi kuma ya rantse in ya ƙara taku ɗaya ba shi ba shi. Ya ce Goggo ta fito ta riƙe hannunsa tana kiran sunan Baba. Ya ce shanun suna ɗaure a bayan katangar wani gidan mai, ƙahonsu har yana gogar bulo in sun juya.

Na ce Allah ya saka masa da alheri, na ce tumakinsa fa? Ya ce Allah na nan. Sai muryarsa ta canza.

"Auta, yanzu haka ina cikin gonar. Ba kara ko ɗaya. Tun daga gawo har iyaka ƙasa ce tsirara, iska na ɗibarta. Ban taɓa ganinta haka ba." Na ji yana jan hanci. "Kuma ba wanda za ya zo."

Na tsaya a bakin titi riƙe da hannun yarinya, motoci suna wucewa, wayar tana kunnena.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa taurin kansa, ya haɗa shi da Baba a inda ruwa ba ya makara. Mu da suka bari, masu gona da masu shanu, Allah ya sa mu iya da juna.